Dawuda Mai Jarida da Kalmar Others

Yaran da ke mayankar Garwa ta Kamaru yanzu ba su san komai game da Dawuda Mai Jarida ba, sai dai wani tsoho ne mara magana da ya rasu a ɗakin zaure, mutane kaɗan suka raka shi makwanci. Ni na san shi tun yana da baki, kuma bakin nan ya ishe mu. Sana'ata tsire da kilishi a bakin babbar kasuwa, rumfarsa kuwa tana kallon tukubata. Shi ke sayar mana da tsofaffin jaridun da muke ƙunshe nama, ni da duk wani mai tukuba daga unguwar Hausare har bakin gada. Dila-dila ake kawo masa su daga Yola, wasu daga Bamenda, ya kwance ya sayar a kilo.

Sai dai mutumin nan yana da wata ɗabi'a mai ban haushi: ba ya sayar da takardar da bai karanta ba. Ga nama ya gasu, ga masu saye sun yi cirko-cirko, ka je ka ce ya auno maka, sai ya ɗaga maka hannu, ido a kan takarda, ya ce saura shafi ɗaya. Labarin da ya shekara biyar da wucewa, wanda masu shi ma sun manta, shi Dawuda zai tsare ka a kai. Sau nawa na yi rantsuwa na daina saye a wurinsa, washegari in koma, don babu wani a garin.

Turancin Ingilishi ya samo shi ne a Bamenda. Ubansa Mahamman dillalin shanu ne, jikan Kanawan da suka zo da fatauci suka zauna, shi ya tura shi wurin wani ƙaninsa a unguwar Hausawan can, aka sa shi makaranta. Ya dawo Garwa da Ingilishi cike da baki, ya tarar ofis sai Faransanci, kasuwa sai Fillanci, gida sai Hausa. Ko aikin masinja bai samu da shi ba a ofishin sufure, jami'in da ke mulkin gari. Ilminsa duk ya ƙare a kan dilar jarida, mu kuma masu tsire muka zama ɗalibansa ba da sonmu ba.

Akwai kalma ɗaya da ta tsaya masa a rai, others, wato sauran mutane. Mu muna cewa odas. Wata rana ya ƙwala mini kira, na bar nama a wuta na je, ya shimfiɗa mini wata jarida da ta yi ja don tsufa, ta zamanin Turawa. Ya ce labarin wani kwalekwale ne da ya kife a Binuwai. An rubuta sunan Baturen da ke ciki, da shekarunsa, da muƙaminsa, har da garin da matarsa take a Ingila. Masu tuƙin da suka nutse tare da shi kuwa, ya ɗora yatsa a kan kalmar nan, ya ce ga su nan duka.

Daga nan ya buɗe mini karatu. Ya ce haka tsofaffin 'yan jarida ke aiki, kuma na Ikko da Kaduna sun gaje shi ba su rage komai ba. In abu ya faru, sai su duba wa ke da muƙami a wurin, su ba shi suna, ragowar su share su zuba cikin kalmar nan kamar yadda ake share tsakar rumfa a zuba a buhu. Mota ta faɗi, alhaji wane da others. An ɗaura aure, minista wane da others. An kama ɓarayin gwamnati, babban akawu da others. In sun sa lamba a gaban kalmar, to an ƙirga kai ko an ƙirga gawa. In babu lamba, ko dai ba wanda ya damu ya ƙirga, ko kuma an hana.

"Shu'aibu," ya ce mini, "ni da kai, ko daɗi ko wuya, nan ne gidanmu."

Na ce ni dai namana ya ƙone. Amma kalmar ta shiga kasuwa. Wanda ya zo biki a makare bai sami tabarma ba, sai a ce ya tsuguna cikin odas. Shi kansa Dawuda aka laƙa masa Malam Odas, yana fushi muna ƙara kira. Da dariya muka karɓi kalmar nan, abin da har yau nake jin ɗacinsa.

Dawuda yana da ƙane guda, Hamadu, uwa ɗaya uba ɗaya. Hamadu shi ya bi sana'ar gida. Mutum ne mai fara'a da faɗin kafaɗa, ba ya karanta ko alif na boko, amma in ya shafa bayan sa ya faɗi naman da ke jikinsa, da wuya a sami kuskure. Yana kai shanu Gaundare a kamiyo, wato babbar motar kaya, daga can a sa su jirgin ƙasa zuwa Yawunde, ya sauka a unguwar Birketiri wajen 'yan'uwa. Sannu a hankali ya sami hanyar kai nama barikin sojojin da ke gadin fadar shugaban ƙasa, don yawancinsu 'yan arewa ne, sun fi yarda da yankan nasu. Lokacin da ya sami wannan hanya har taya shi murna muka yi.

A watan Afrilu na 1984 sojojin nan suka yi yunƙurin kifar da gwamnati, abin bai yiwu ba. Abin da ya biyo baya kowane ɗan Garwa mai furfura ya sani. Aka shiga kame, ba sojoji kaɗai ba, har 'yan kasuwa da direbobi da duk wanda aka taɓa gani yana shiga barikin. Hamadu yana Yawunde a lokacin. Mai masaukinsa ya aiko da baki cewa an zo da mota da hantsi an tafi da shi, ko takalmi bai sa ba. Iyakar abin da aka sani ke nan.

Garwa ta yi tsit. Tsohon shugaban ƙasa ɗan garin ne, saboda haka kowa ya sha jinin jikinsa. Mutane suka ƙone hotuna, suka daina taruwa a dandali, jandarma na kai da kawowa. Gidan da aka kama musu mutum ko jaje ba a zuwa a fili, don jaje ma yana iya zama laifi. Sai dai ka wuce ta ƙofar gidan, ka rage murya ka ce Allah ya kyauta, ka ƙara sauri. Ni ma haka na yi a makon farko, kuma ban fi kowa tsoro ba.

A gidan su Dawuda mata biyu aka bari. Akwai uwarsu Iyatu, da kowa ke kira Dada, da kuma Kaltumi matar Hamadu, wadda ba ta daɗe da tarewa ba, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Tambayarsu ɗaya ce, yana da rai ko ba shi da rai. Ba ofishin da za ka je ka yi wannan tambaya ka dawo gida lafiya. Sai kowa ya zuba wa Dawuda ido, tunda shi ke karanta abin da ake rubutawa a ƙetare.

Iyakar Najeriya ma a rufe take a shekarar, amma jarida ba ta daina shigowa ba. Masu fasa-ƙwaurin fetur ke cusa ta tsakanin jarkoki a kwalekwale, ta iso tana warin mai. Wadda ba ta ƙunsuwa da nama ma Dawuda saye yake. Ya bi kowane layi da yatsa. Akwai labarin Kamaru jefi-jefi: an yi shari'a a asirce, an harbe kanar wane da kyaftin wane da others, an ɗaure wane da others. Wani lokaci da lamba, wani lokaci babu.

Ba gidansu kaɗai ba. Mata suka riƙa zuwa rumfarsa da lulluɓi, su yi kamar takarda suka zo saye, su raɗa masa sunan ɗa ko miji. Har Fulanin unguwar Fulɓere da ba sa ko kallon rumfar a da suka riƙa aiko da tsofaffinsu. Shi kuwa bai taɓa ƙara wa takarda gishiri ba. In babu suna sai ya ce babu suna. Wata tsohuwa ta taɓa riƙe masa riga ta ce ya dai ce mata wani abu, ya ce, "Goggo, abin da aka rubuta shi zan faɗa miki. Ba su rubuta shi ba." Ta tafi tana tsine masa. A lokacin na ga taurin kansa ya yi yawa, na kuma gaya masa. Amma saboda wannan taurin kai ne maganarsa ta zama abin riƙewa a unguwa, har liman kan ce in Dawuda ya ce ya gani, to ya gani.

Dada ba ta zauna jiran jarida ba. Akwai wani direban kamiyo, Raphaël, Kirista daga wajen Yagwa, wanda ya daɗe yana ɗaukar wa Hamadu shanu. Shi ya zo da kansa ya ce yana da ɗan'uwa gandiroba a wani gidan yari na kudu inda aka ce an tara 'yan arewa. Bai san ko Hamadu yana ciki ba, ɗan'uwan ma ba zai buɗe baki ya faɗa ba, don wuyansa ne. Amma in an ba shi ƙunshi zai miƙa.

Tun daga nan, duk sabon wata sai an haɗa ƙunshi. A wurina ake yanyana naman a shanya, amma Dada ba ta yarda da labun da nake tsoma kilishi a ciki ba, ta ce nawa na kasuwa ne. Ita da Kaltumi ke daka tunkuza da citta da kanumfari da masoro, su dama, su tsoma naman da hannunsu. A haɗa da garin rogo da ƙuli-ƙuli da ɗan sabulu. Dawuda ya naɗe, ya rubuta a bayan Hamadu Mahamman, Garwa, ya kai wa Raphaël a tasha. Amsar da ke dawowa kullum ɗaya ce, an karɓa. Wa ya karɓa, wa ya ci, ba wanda ya sani.

Mutanen kasuwa kuwa ba sa rasa abin faɗi. Aka ce gidan Mahamman suna kiwon gandirobobin kudu, wai har sun yi tumbi da kilishin Garwa. Sarkin fawa da kansa ya kira Dawuda ya ce abin nan ya isa, kana wahalar da tsohuwa a kan iska. Dawuda ya ce ba shi ke sa ta ba, kuma ba shi da abin da zai hana ta da shi.

Haka aka ci shekara biyu har aka shiga ta uku. Kaltumi ta rame, ba ta kitso, ba ta zuwa biki, ita ba mai miji ba ita ba mai takaba ba. Iyayenta suka je wurin liman, ya ce sai dai a cika shekarun da shari'a ta yanka wa matar wanda ya ɓace, ko kuma a sami wanda zai shaida mutuwar. Ita kanta Kaltumi ba ta nemi komai ba. Dada kuwa ciwon ƙafa ya kwantar da ita, daga baya numfashi ya fara yi mata wuya. Duk da haka in wata ya kama sai ta sa a jingina ta da bango, a kawo mata ƙwaryar labu ta ɗanɗana.

A tsakanin nan ne Dawuda ya canza. Ya rage surutu, ya daina kirana in ga labari. Wata rana da azahar, kasuwa ta yi sanyi, ya zo ya zauna a bencina, ya ce ya gano cewa wauta yake yi. Na ce wace iri. Ya ce shekara da shekaru shi ke koya mana cewa jarida ba ta ba irinmu suna, ga shi kuma ya zauna yana jiran ta ba mahauci suna. Ko an harbe Hamadu a gaban 'yan jarida ɗari, others za su rubuta. Ko an sake shi, others. Wanda ke jiran sunan nan zai jira har tashin kiyama.

Ya fito da wata jarida daga aljihu, ta sha ninki har ta fara yagewa. Ta watannin farko ce. An ambaci hafsoshi biyu da aka harbe, su ne kuwa waɗanda Hamadu ke miƙa wa nama hannu da hannu, ga others a bayansu da lamba mai yawa. Ya ce in an kashe masu karɓar naman a rana ɗaya da mutane masu yawa haka, ina mai kawo naman zai tsira. Ya ce zuciyarsa ta gama ba shi cewa ɗan'uwansa yana cikin lambar nan. Ni ban iya karatu ba, amma lissafin ya shige ni. Na ce Allah ya jiƙansa.

Bayan 'yan kwanaki jikin Dada ya tsananta. Muka shiga duba ta bayan la'asar, ni da sarkin fawa da liman. Tana kwance a rumfar tsakar gida, Kaltumi na yi mata fifita. Dawuda ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce Babba. Ta sa aka matso da shi kusa.

"Babba," ta ce, "in na ɗaga hannu ban san abin da zan roƙa wa yaron nan ba. In ce Allah ya dawo da shi, ko in ce Allah ya jiƙansa? Na gaji da raba addu'a biyu. Kada ka bar ni in tafi a haka. Duk takardun nan da ka ci, ba ko ɗaya da ta faɗa?"

Dawuda ya daɗe a durƙushe. Can ya sa hannu a aljihu ya fito da jaridar nan, ya buɗe, ya karanta da Ingilishi a hankali kamar yadda ya saba, yana bin layi da yatsa. Muka ji sunan hafsa na farko, muka ji na biyu. Inda kunnena ya saba jin odas, sai na ji Hamadu Mahamman. Ya juya da Hausa ya ce an harbe su tun watannin farko, ba a daɗe ana wahalar da su ba.

Liman ya tambaye shi me ya sa bai faɗa ba tuntuni. Ya ce jaridar ba ta daɗe da zuwa hannunsa ba. Fifitar Kaltumi ta tsaya. Dada ta yi salati, ta lumshe ido, ta ce, "Alhamdu lillahi. Allah ya jiƙanka, Hamadu." Wallahi a ranar na ga fuskar tsohuwar nan ta saki, irin sakin da ban gani ba tun da aka kama shi. Ni kaɗai a wurin na san abin da ke cikin takardar da abin da babu, kuma na ga Dawuda ya yi daidai. Ko yau aka mayar da ni wurin ban san zan ga wani abu dabam ba.

Aka yi addu'a a zaure ba tare da shela ba, aka yi sadakar uku da ta bakwai a ɓoye. Liman ya gaya wa Kaltumi cewa tunda mutuwar ta daɗe, kwanakin takabarta sun riga sun wuce, amma ta ce sai ta yi, aka ƙyale ta. Da sabon wata ya kama, Raphaël ya biyo ta rumfa karɓar ƙunshi, aka gaya masa. Ya cire hula ya yi ta'aziyya da Fillanci, ya tafi. Ba a aika wa mamaci abinci. Naman da aka saba shanyawa sai Dada ta ce a riƙa dafawa ranar Juma'a ana raba wa mabukata da sunansa.

Ba ta kai ƙarshen damina ba ta rasu, cikin natsuwa, kowa ya shaida. Kaltumi ta gama takaba ta koma gidansu. Bayan shekara wani mai fataucin busasshen kifi daga Tibati ya neme ta, ta amince, Dawuda ne ma ya tsaya mata kamar yayanta. Ta haihu a can. Dawuda ya ci gaba da sana'arsa, ya yi aure a makare, har ya ɗan dawo da surutunsa. In ka gan shi a shekarun nan za ka ce mutum ne da ya sauke kaya.

Sai 1991, shekarar da ƙasa ta rikice, ana rufe kasuwanni ana ƙone tayoyi a titi. A cikin wannan hargitsi gwamnati ta yi afuwa, aka saki waɗanda suka rage daga kamen nan. Suka riƙa isowa arewa ɗai-ɗai, wasu ba haƙori, wasu ba sa gani sosai. Gidajen da ba a taɓa yi musu jaje ba sai ga su ana yi musu barka. Gidajen da ba wanda ya dawo suka ƙara rufe ƙofa. Dawuda bai je tasha ba ko sau ɗaya, don a wurinsa magana ta ƙare.

Wata ranar da aka buɗe kasuwa, da hantsi, yana zaune a bencina muna shan shayi, sai ga wani dogon mutum ƙashi da fata, da 'yar jaka a hammata. Ya yi sallama da Hausar mutanen Mora. Ya ce sunansa Brahim, a da shi direba ne a Yawunde, yanzu aka sako shi, yana kan hanyar gida, ya ce ba zai wuce Garwa ba sai ya sauke wani nauyi. Ya tambaye ni ko na san gidan marigayi Dawuda Mai Jarida, yana so ya yi wa iyalinsa gaisuwa.

Na dubi Dawuda. Ya ajiye kofi a ƙasa, ya ce shi ne Dawuda, wa ya ce ya mutu.

Mutumin ya ƙura masa ido har na fara jin tsoro. Sannan ya ce, "Ƙanenka."

Na ba Brahim wuri ya zauna. Ya ce ɗaki ɗaya suka yi da Hamadu tun daga farko. Ba a harbe shi ba, ba a ma kai shi gaban alƙali ba, an dai jefa su ciki an manta. Abincin wurin ɗan tuwon masara ne sau ɗaya a yini da ruwan wake, wanda ba ya riƙe babba. Wanda ke da mai aiko masa shi ke rayuwa. Ya ce ƙunshin Garwa yana isowa. Gandirobobi kan ɗebi nasu, wani watan ma ba a gani sam, amma mafi yawa rabi yana shiga hannun Hamadu. Yakan gutsura wa 'yan ɗakin, ya ce wannan dakan Dada ne, ya san hannunta. Ya ce shi kansa Brahim kilishin nan ne ya raya shi, don nasa mutanen ba su san inda yake ba.

Ya ce an roƙi gandiroban da ke shigo da ƙunshin ya fitar da ko kalma ɗaya zuwa gida, ya ƙi, ya ce shigar da kaya dabam, fitar da magana dabam, yana da 'ya'ya. Sai a shekara ta uku ƙunshi ya ɗauke. Wata ya wuce, wani ya wuce. Hamadu yakan tsaya bakin ƙofa duk ranar da ake rabon saƙo, har ya daina tsayawa. Daga baya ƙafafunsa suka kumbura, haƙora suka fara zuba, tari ya kama shi. Ya ja jiki har damina biyu bayan ɗaukewar ƙunshin, sannan ya cika, da rana, kansa a cinyar Brahim. Fursunoni ne suka yi masa salla, inda aka kai shi kuwa ba wanda ya sani.

Dawuda bai motsa ba. Ya tambaya da wata murya da ban san shi da ita ba, ko Hamadu ya yi fushi da su.

Brahim ya girgiza kai. Ya ce ko kusa. 'Yan ɗaki sun ce masa mutanenka sun gaji, haka duniya take, ya ce ba ku san Yaya ba. Ya ce Dada tsohuwa ce tana iya kwantawa, mace tana iya komawa gidansu, amma muddin Yaya Dawuda yana numfashi ƙunshin nan ba zai tsaya ba. Tunda ya tsaya, to Yaya ya rasu. Ya yi kuka kwana da kwanaki, ya tara 'yan ɗakin suka yi masa addu'a. Tun daga ranar kuma, kowace Juma'a, sai ya raba ɗan tuwon nan nasa biyu, ya ba wanda ya fi shi jin jiki rabi, ya ce sadaka ce Allah ya kai ladan kabarin Yayansa. Har makon da ya rasu bai fasa ba, ko da aka yi ta hana shi.

Namana yana ƙonewa a tukuba, ina jin ƙauri, ban tashi ba. Brahim ya share fuska da hannun riga. Ba da faɗa ya yi tambayar ba, mutum ne da ya ɗauko ta daga nesa yana so ya ajiye.

"To Malam, ga ka da ranka. Me ya sa aka daina aikowa?"

Na buɗe baki zan ce hanya ce ta lalace, ko direba ne ya bar aiki, ko wani abu dai. Dawuda ya dafa mini gwiwa.

"Ba su rubuta ya mutu ba," ya ce. "Ni na karanta."